Kayan da Sunka Shiga Mangaza

"Faɗi farashinki, Madan," in ji Aƙilu. "Ni ban saba karɓar abu kyauta ba. Abin kyauta shi ya fi komi tsada."

Madan Salamatu, ungozoma a matarnite, gidan haihuwa na Malanville, ta ɗago kai daga karne, wato ɗan littafin awon ciki, da ke gabanta ta dube shi. Tsoho ne siriri, ya ba sittin baya, wanda ya yi shekara arba'in a bakin gadar kan iyaka yana fitar wa 'yan kasuwa kayansu daga duwan, wato kwastan. Har ranar da anka rufe gadar, ba a taɓa jin kamiyon kaya da Aƙilu ya riƙe takardunsa ya yi kwana uku ba. Yau kuwa ga shi zaune kan bencin mata masu ciki, hula a gwiwa.

"Bagobiri dai ba ya rabo da ciniki," ta ce. Ita Bazabarma ce, tsakaninsu akwai wasa, shi ya sa take faɗa masa abin da ko sa'anninsa ba su iya faɗa.

Karnen na Habiba ne, ɗiyarsa ta fari, mai cikin wata takwas. An auna jininta an sami ciwon hanta, irin wanda ya ɗauke ƙanensa Karimu shekara biyu da sunka wuce, ciki ya kumbura kamar tulu, ido ya yi kamar gwaiduwar ƙwai. Uwar Habiba ta daɗe da rasuwa, don haka duk abin da uwa za ta tsaya a kai, a wuyan Aƙilu ya faɗa. Ita kuma tana aure a wata tunga ta masunta, kan tsibiri bayan Garou, wurin wani yaro mai suna Issaka. Abin da Aƙilu ya zo nema guda ne: duk inda haihuwa ta kama ta, Salamatu ta je da ƙafarta ta yi wa jinjirin allurar hanta.

"Amma ni ban gane wagga gaggawa ba," ya ce. "Yarinyar nan ta ce mini wai sai ranar haihuwa." Bai taɓa faɗin sunan Habiba ba. Ɗiyar fari ce, akwai kunya. Shekara ashirin da biyu "yarinyar nan" yake ce mata. "Allura ran haihuwa, allura ran suna, duka ba allura ba ce?"

Salamatu ta juya bayan wata takarda, ta ɗauki bik ta zana da'ira babba, ta zana ƙarama a cikinta.

"Hantar mutum, Baba, gidaje ne ƙanana, dubu a kan dubu, ido bai ganinsu. Wanga guda ne. Ta tsakiyar nan ita ce mangaza, ɗakin ajiya. Cikinta ake ajiye littafin gida, yadda za a yi komi a nan yake rubuce. Bangonta biyu, kowace ƙofa da mai gadi. Ƙaramin abu ya wuce abinsa, babban kaya sai da hatimi."

"Duwan ke nan."

"Duwan ke nan. To ita cutar, birus muke ce mata, ba ta da hannu ba ta da ƙafa. Kwali ne kawai da 'yar takarda a ciki. In takardar ba ta kai mangaza ba, ba ta iya hayayyafa. Kai da ka san aikin, ƙaƙa za ta yi?"

Aƙilu ya gyara zama. An zo gonarsa.

"In kaya sun fi ƙarfin ƙofa, a kai su bakinta, a kwance, a miƙa na ciki, a bar kwali waje."

"Akwai masu yin haka."

"Ko a jira ranar da ake gyaran katanga."

"Su ma akwai. In gidan zai rabu biyu, bangon mangaza kan faɗi na ɗan lokaci, sai su shige."

"Amma wanda ya iya aiki bai wahal da kansa," in ji Aƙilu. "Hatimin gida yake nema ya manna a kwali. 'Yan dakon gidan da kansu za su ɗauka su shiga da shi, mai gadi yana yi musu sannu da aiki."

Salamatu ta ajiye bik.

"Wallahi kamar kai ka koya mata. Irin hatimin gidan ne a jikin kwalinta. 'Yan dako su kama ta su kai cikin ƙofa, nan kwalin ya buɗe, takarda ta shige. Ma'aikatan mangaza su ga takarda da ɗan yagewa, su ɗinke ta da hannunsu, su ajiye kusa da littafin gida. Daga ranar gida yana karanta ta, yana yi mata aiki."

"A shiga a ɗauko ta mana."

"Har yau ba a sami mai yi ba. Magani yana hana ta hidda kaya, irin wanda na ɗora ɗiyarka a kai. Amma takardar tana nan. Babban mutum in ya kamu, galibi jikinsa kan kore ta. Jinjiri kuwa, in goma sunka kamu wurin haihuwa, tara sun ɗauka ke nan har tsufa. Allurar ita ke nuna wa masu tsaron jiki fuskar ɓarawo tun yana hanya. Daga sa'ar da anka haihu zuwa war haka gobe, shi ne lokacinta. Bayan nan ana yi, amma kowace awa rata ce ka ba shi."

Aƙilu ya daɗe yana kallon ƙaramar da'irar.

"To farashin?"

"Jininka. Ɗigo guda. Ranar da na yi wa jikanka allura, ranar za ka miƙo mini yatsa."

Sau uku tana neman ta auna shi tun rasuwar Karimu, sau uku yana zamewa. Shi a wurinsa Karimu yana tafiya da ƙafarsa ne har ranar da takarda ta ce ba shi da lafiya. Shekara arba'in a bakin gada sun koya masa abu guda: kayan da ba a rubuta ba, babu su.

"Albarka," ya ce. "Rage."

"Ba ragi, Bagobiri. Ga abin awon ma, zan sa shi cikin jakata tun yau."

Ya sa hularsa, ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo.

"Na saya."

An shirya Habiba za ta zo gida goyon ciki ranar Lahadi, ta haihu kusa da likita, kowa ya huta. Ranar Asabar da hantsi, kasuwa ta cika har mutum bai ganin ƙafarsa, Aƙilu yana zaune a rumfar wani mai albasa sai ga Hawa, gwaggon Issaka, da goro ƙulle a bakin zane. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi damina, ta tambayi ƙafarsa da ke ciwo bara. Sai da ta ƙare duka sannan ta kwance goron.

"An sauka lahiya. Namiji ne."

Aƙilu ya ji kamar an zare masa benci.

"Yaushe?"

"Jiya, ana hitowa sallar la'asar."

Ya ciro salula ya duba. Ƙarfe sha ɗaya saura kaɗan.

"Jiya? Issaka ba shi da talho ne?"

Hawa ta kama baki.

"Haba Malam! Issaka ya buɗe baki ya gaya wa surukinsa ya haihu? Ɗan fari? A talho? Ai sai a ce ba a yi mashi tarbiyya ba. Ni anka aiko, kamar yadda ake yi. Tun asuba na taso. Na dai tsaya na sayar da kihina tukuna, kar ya lalace."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rufe. Da wa zai yi? Shi da kansa, ranar da anka haifi Habiba, garin Gaya ya tsallaka ya yi kwana uku don kada wani ya yi masa barka.

Awa biyar ta rage masa kafin la'asar.

A matarnite ya ishe Salamatu cikin ɗakin haihuwa, wata mata tana kan gwiwa. Ta leƙo da safar hannu duk jini.

"Ba na barin wagga a hakan, kai ya riga ya sauko. Jira."

"Madan, jiya da la'asar..."

"Na ji. Jira, Baba."

Jira bai iya ba. Ya koma kasuwa ya sayi yaji, kanwa, sabulu da ƙafafun saniya huɗu, ya zuba a sabon kwano babba, don ba a zuwa gidan mai jego hannu rabbana. Ya sha wa motonsa, wato babur ɗinsa, mai. Ya dawo ya ishe ba ta fito ba. Ya zauna, ya tashi, ya zagaya bishiyar mangwaro da ke tsakar gidan har mai shara ta tambaye shi ko matarsa ce a ciki. Sai ƙarfe ɗaya saura Salamatu ta fito, ta sanar da babbansu, ta sa hannu a rajista, ta rataya wani shuɗin akwatin sanyi a kafaɗa, katinta na aiki yana lilo a wuyanta kan farar riga.

"Kar ka girgiza ni, kar ka kā da ni," ta ce tana hawa bayansa. "Kwalba guda na ɗauko."

Tun da anka rufe gada kaya sunka koma bin ruwa, don haka hanyar Garou ta sami shinge: igiya, ganga biyu, da jandarma a inuwa. Daga nesa Aƙilu ya hango layin moto ya fi ashirin, kowane da buhuna, ana kwancewa ana dubawa. Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Hannunsa kawai ya karya kan moto zuwa dama, ya faɗa wata 'yar hanya da ke bin kan gaɓar gonakin shinkafa.

"Ina za ka kai ni?"

"Na san wata hanya. Bayan shingen take ɓullowa."

"Mi munka ɗauko da za mu ɓuya? Koma!"

"Madan, shekara arba'in ban taɓa bin layi ba."

Hanyar ya sani, amma ta rani ya sani. Damina ta cinye gaɓar a tsakiya, ruwa ya kwanta a kai shiru kamar ba komi. Moto ya shiga, ya nutse har inji, ya yi tari biyu ya mutu. Salamatu ta dira cikin laka har gwiwa, ta ɗaga akwatin sama da kanta da hannu biyu. 

Ya ja moton ya fitar. Ya buga, shiru. Ya kwance buji, filogin injin, ya goge da bakin riga, ya hura, ya mayar, ya buga, shiru. Zufa tana shiga masa ido. Cikin kansa ba abin da yake gani sai ɗan kwali da hatimi a jiki, a kan 'yan dako, yana tafiya ba tsayawa, don shi ba ya bin gaɓar shinkafa. Sai a bugu na goma sha wani abu injin ya kama. Sunka koma ta inda sunka fito, sunka iso shingen ƙarfe biyu da rabi, laka har kunne.

Jandarman ya dubi katin da ke wuyan Salamatu, ya dubi shuɗin akwatin.

"Allura ce?"

"Ta jinjiri. Lokaci na ƙurewa."

Ya saki igiya da hannunsa, ya tsawata wa masu buhuna su ba da hanya.

Sun yi nisa kafin ta yi magana, bakinta kusa da kunnensa.

"Hatimi, Baba. Kai ka faɗa da bakinka."

A bakin ruwan Garou sunka bar moto, sunka sami jirgi mai inji. Kogi ya cika ya yi ja, yana jan ciyayi. Aƙilu ya zauna yana kallon kwanon kayan jego, yana kallon akwatin. Ya san wadda ke jiransu. Kaka, uwar Issaka, ita ce tungar. Mijinta yana raye, amma ko jirgi za a saya ita ake tambaya.

"Rufe farar rigar ga da mayafi," ya ce. "Cire katin. A can ba shi ne hatimi ba. Sa akwatin ƙarƙashin kaya, ki ɗauki kwanon a ka. Ke dangin uwar mai jego ce, kin kawo yaji. Ba mai hana ki shiga ɗaki."

"Ni ba na yi wa ɗan mutane allura a ɓoye."

"Ki dai shiga tukuna. Uwar yaron na so, uban na so."

"Kakar fa ta san ɗiyarka na da ciwon?"

"Ba ta sani ba. Yarinyar nan ta roƙi kar a gaya mata."

Salamatu ta yi tsaki, amma ta yafa mayafin.

Ƙarfe uku da rabi ya gota lokacin da jirgi ya taɓa tudu. Tunga ce ta bukkoki goma sha wani abu, hayaƙin bandar kifi ya rufe ta. Issaka yana gyaran koma a bakin ruwa. Yana ganin surukinsa ya cire takalma, ya durƙusa daga nesa, ya gaida ƙasa, sannan ya sulale bayan komar da ke shanye ya ɓace. Kaka kuwa tana zaune daidai ƙofar ɗakin mai jego, ƙafafu a miƙe sun tare hanya, tukunyar ruwan wanka tana tafasa a gefenta.

An gaisa, an yi barka. Salamatu ta matso da kwano a ka. Kaka ta miƙe don ta taya ta saukewa, kamar yadda ake yi wa baƙo. Ta kama gindin kwanon, sai ta tsaya. Ta yaye ƙyallen da ke sama, ta ture ƙafar saniya, ta ɗora tafin hannu kan shuɗin murfi.

"Yaji da kanwa dai ba a sa su akwati," ta ce. Ta dubi ƙafafun Salamatu, ta dubi farin da ke leƙowa ƙarƙashin mayafi. "Malam Aƙilu, nan ba gada ba ce."

Ta koma ta zauna inda take, ta sake miƙe ƙafafu.

Salamatu ta yaye mayafin, ta yi bayani cikin ladabi, da Hausa, ta maimaita da yaren Dendi. Kaka ta saurara har ƙarshe.

"Ɗiyata, 'ya'ya tara na haifa, jikoki sha ɗaya na wanke da hannun ga. Ƙarhe bai taɓa jinjiri a gidan nan sai askar wanzami ran suna. Yaro lahiya lau, uwa lahiya lau, yana shan nono kamar ɗan maraƙi. Wace cuta? A jikin wa kunka gan ta? Nuna mini. In ba haka ba ku dawo ran suna, mu ba ku tuwo, ki yi allurarki."

Salamatu ta dubi Aƙilu. Amsar tana bakinta, amma ba tata ba ce, ba ta da ikon faɗa. Daga cikin ɗaki ba motsi. Bayan koma ba motsi. Inuwar bukka ta riga ta kai gindin turmin da ke kife a tsakar gida.

Aƙilu ya naɗe hannun riga.

"A jikina take," ya ce.

Matan da ke bakin banda sunka juyo.

"Ita ta kashe ƙanena Karimu, kin je gaisuwa, kin ga yadda anka sha wuyar rufe cikinsa. Cutar gidanmu ce, cikin jini take bi. Kin ce a nuna maki. To mu yi ciniki, Kaka. Madan na da abin awo nan. A ɗiga jinina a gabanki. Layi guda ya hito, ba ni da komi, mu shiga jirgi mu koma, ba ki ƙara jin bakina. Layi biyu, ki janye ƙafa."

"Baba!" Salamatu ta kama masa riga, ta rage murya. "Ban yarda ba. In ya hito guda fa? Yaron..."

"Uwarmu ma da kumburin ciki ta tahi," ya ce a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji. "Na san kayana, Madan. Rubutawa ce ban so."

Kaka ta dube shi sama da ƙasa. Mace ce mai son a yi abu a fili.

"Na yarda," ta ce. "Kowa ya ji."

Salamatu ta wanke hannu, ta goge masa yatsa, ta soka. Ɗigo ya faɗa kan ɗan farin abin awon, ta ƙara masa ruwan magani, ta ajiye kan gindin turmi. Mata sunka bar kifi a wuta sunka kewaye.

Jan ruwa ya fara hawa a hankali. Layi ya fito, guda, ja sosai.

"Ɗaya," in ji Kaka.

"Wannan na nuna abin yana aiki ne," in ji Salamatu. "A ba shi minti goma sha biyar."

"Ɗaya dai nike gani."

 Tukunya tana tafasa. Can gefen tunga wani tsoho ya ɗauki buta ya nufi bakin ruwa, shi ne mai kiran salla. Aƙilu ya ji leɓensa yana motsi, ya tarar addu'a yake yi, sai tsoro ya kama shi da ya gane abin da yake roƙo. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin wanda ya roƙi Allah ya same shi da ciwo ba. In layi ya tsaya guda, shi ya tsira, zai tsufa ya ga aurarrakin jikoki, ɗan kwalin kuma ya isa ƙofa a cikin wancan ɗakin, mai gadi ya yi masa sannu. In ya zama biyu, cikin Karimu ne ke jiransa. Ya rufe ido. Ya buɗe. Tsohon nan ya gama wanke hannu, ya kai fuska.

"Ga wani abu nan," wata mata ta ce.

Kamar inuwar zare ne da fari, ƙasa da na farkon. Sai ya yi ruwan hoda. Sai ya tsaya sosai, ba mai musu.

Salamatu ba ta dubi abin ba, shi ta duba. Ya gyaɗa mata kai kamar wanda anka gaya wa farashin da ya riga ya sani. Ya dafa turmi.

Kaka ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Biyu ne. Ni ba na cin magana." Amma ba ta janye ƙafa ba. "Sai dai ni ba ni na haife shi ba. Ga uwarsa nan ciki. Ta faɗa da bakinta."

Duk wanda ke wurin ya san abin da ta yi. Yarinya mai haihuwar fari, kwana guda da sauka, a ɗakin uwar miji, ubanta tsaye a waje, ta ɗaga murya a kan ɗanta? Ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Ɗaki ya yi tsit. Tsohon can ya kai wankin ƙafa.

Aƙilu ya saki turmin ya matsa har bakin asabari.

"Habiba!"

Wata mata ta saki kifin da ke hannunta. Wata ta rufe baki da zane, dariya da kunya sunka haɗe mata. Shi kansa sunan ya yi masa baƙo a baki, kamar ya tauna abin da ba a ci.

"Habiba, ɗiyata. Ni ne, ubanki. Na kira ki gaban surukanki, ba abin da ya rage mini. Ɗanki ne. Faɗi."

Sai anka ji shessheƙa. Sai murya siririya.

"Madan, shigo. Ki yi mashi."

Kafin Kaka ta motsa, Issaka ya fito daga bayan koma. Bai dubi surukinsa ba, bai dubi uwarsa ba. Ya zo kai a ƙasa, ya kama asabarin ya ɗaga, ya tsaya riƙe da shi. Kaka ta dubi ɗanta, ta ja ƙafafunta ta naɗe.

Salamatu ta shige da akwatin. Aƙilu yana jin buɗe murfi, yana jin yage leda. Mai kiran salla ya yi gyaran murya. Jinjirin ya riga shi, ya tsala kukan da har masu jirgi sunka ji a bakin ruwa.

Yaron ya ci sunan Karimu, Issaka ne ya zaɓa, ta bakin gwaggonsa. An kai shi sauran alluran a kan lokaci, Kaka da kanta take goya shi zuwa Garou, tana gaya wa duk wanda ya tambaya cewa ita ta ba da izini tun ranar farko. Ran suna ma ita ta sa wanzami ya ɓare sabuwar reza a gabanta. Da ya shekara anka ɗiga jininsa, layi guda ya fito ya tsaya shi kaɗai.

In za a faɗi wanda ya ci da wanda anka ci, to yaron ya ci, bai ma san an yi ciniki ba. Salamatu ta ci, ta sami ɗigon da ta yi shekara biyu tana nema. Kaka ba ta rasa komi ba, irinta ba su rasawa. Aƙilu shi anka ci. An tura shi babban likita, wato babban asibiti, anka duba hantar, an ce ta taɓu amma ba ta ƙare ba, an ɗora shi kan ƙwaya kullum safe har iyakar rai. A tunga har yau sunansa tsohon da ya kira ɗiyarsa ta fari, yara suna kwaikwayon muryarsa in ya juya baya. Kuma ya rasa abin da ya fi alfahari da shi, don dā yakan ce ba a taɓa wuce da kaya ƙarƙashin hancinsa ba. Yanzu in an tuna masa sai ya dafa haƙarƙarinsa na dama ya ce nasa sun shiga mangaza tun bai san sunansa ba, shekara sittin yana yi musu gadi.